Wai Adabin Hausa Bai San Tawaye Ba?

Tambayar ta fito ne daga wata ɗaliba 'yar Gangare a nan Jos, wadda ke ajin ƙarshe a jami'a. Ga abin da ta ce a taƙaice: "Malam, ina so in yi kundina a kan jigon tawaye ga azzalumin shugaba. Wani ɗan ajinmu ya ce wahalar banza zan yi, wai wannan jigon na Turawa ne da marubutan Kudu, mu namu adabin daga kirarin sarakuna sai wa'azin haƙuri, tunda mu ne masu cewa bin na gaba bin Allah. Haka ne? In ba haka ba ne, ina zan duba?"

'Yata, Allah ya yi miki albarka, ya sa ki gama lafiya. Ɗan ajin naku ya tsaya ne a zaure ya ce ya ga gida. Abin da ya gani a zauren yana nan, ba a musu: muna da Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Sarkin Taushin Katsina, muna da waƙoƙin fada da babu kamarsu wajen wasa sarki. Amma cikin gidan yana da faɗi, kuma abin da ya hana shi shiga kalma ɗaya ce, wato ita "tawaye" ɗin.

A kunnen Bahaushe tawaye ba kalmar yabo ba ce. Ɗan tawaye shi ne wanda ya ɓalle daga jama'a ya ɗauki makami, kuma tun lokacin yaƙin basasa rediyo ta ƙara ɓata sunan. Da wuya ki sami mawaƙi ko malami da zai bugi ƙirji ya ce shi ɗan tawaye ne, ko da kuwa a kurkuku ya kwana saboda abin da ya rubuta. In kika shiga ɗakin karatu da wannan kalma a hannu, hannu rabbana za ki fito. Ki canza fitila. Ki nemi zalunci, danniya, bijirewa, turjiya, hijira, sawaba, gaya wa sarki gaskiya. Da waɗannan za ki ga abin ya fi ƙarfin kundi ɗaya.

Wannan jigo, a kowane harshe aka rubuta shi, kamar murhu yake, duwatsu uku ke riƙe da tukunyar. Akwai mai iko da ya wuce gona da iri. Akwai wanda ya ce a'a. Na ukun shi ne wanda ɗalibai suka fi mantawa: wata doka da ta fi ta mai ikon, wadda mai cewa a'a ya jingina da ita. In babu na ukun, abin da ke gabanki rikicin neman kujera ne kawai. Tsohon misalin da ake koyarwa a ko'ina shi ne wasan Antigoni na Sofokilis, mutumin Girka, wanda aka yi fiye da shekara 2,400 da suka wuce. Sarki Kiriyon ya hana a binne gawar ɗan'uwanta saboda ya yaƙi garin. Ita kuwa ta je ta zuba masa ƙasa, aka kamo ta, ta ce umarnin sarki bai kai dokar da ta riga sarki zuwa ba. Ba ta da runduna, ba ta nemi sarauta ba. Na sha karanta wannan wasa da ɗalibai Hausawa, ban taɓa buƙatar dogon bayani ba, domin duk wanda ya tashi a cikinmu ya san nauyin a hana mutum suturar ɗan'uwansa.

Dalilin da ya sa ba ma buƙatar bayanin shi ne makarantar allo ta riga ta gina mana kunne. Alƙur'ani maganar Allah ce, ba a jera shi da adabi, amma duk marubucin Hausa da ƙissoshinsa ya tashi. Annabi Ibrahim a gaban Namarudu. Samarin Kogo da suka bar gari da imaninsu. Mutanen Rami a Suratul Buruji. Bokayen Fir'auna a Suratu Ɗaha, waɗanda da safe suna neman lada a wurinsa, kafin rana ta faɗi suna ce masa ya hukunta abin da zai hukunta, iyakarsa rayuwar duniya. Ga kuma hadisin da ya ce mafificin jihadi shi ne kalmar gaskiya a gaban azzalumin shugaba. A ɗaya hannun, malamanmu sun karantar da mu tsoron fitina da haɗarin fito-na-fito da shugaba, kuma a surar nan ta Ɗaha aka umarci Annabi Musa da ɗan'uwansa su yi wa Fir'auna magana mai taushi. Tsakanin waɗannan biyun, wajabcin faɗar gaskiya da tsoron fitina, a nan adabinmu na bijirewa ya yi gida. Shi ya sa tauraronmu sau da yawa baki ne makaminsa, ko alƙalami, ko ƙafa.

A adabin baka ba zan daɗe ba. Ki tuna tatsuniyar Ta-kitse, yadda sarki ya sa aka kama san tsohuwa aka yanka don kawai ya fi nasa, aka sallame ta da kitse. Yarinyar da ta ji wannan a gindin kakarta ta riga ta koyi cewa sarki na iya zama azzalumi, tun kafin ta san kalmar. Ki duba wasan gauta, inda matan fada ke kwaikwayon sarki da hakimansa a gaban idonsu, da kalankuwa a ƙauyuka bayan kaka, da tashe a watan azumi, da zambo da habaici. Duk ƙarƙashin karin magana ɗaya suke: faɗan da ya fi ƙarfinka, mai da shi wasa. Gargaɗi ɗaya zan yi miki a nan. Ɗalibai na son su naɗa wa Gizo rawanin gwarzon talakawa saboda yana wasa da hankalin zaki da kura. Ni ban yarda ba. Gizo don cikinsa yake yi, kuma yadda yake cutar zaki haka yake cutar Ƙoƙi da 'yan tsaki. Dutse na uku babu shi a murhunsa. Abin da yake koyarwa shi ne yadda mara ƙarfi ke tsira, wannan kuwa jigo ne daban.

Inda nake so ki zauna ki shimfiɗa tabarma shi ne rubuce-rubucen masu jihadi. Mun saba karanta su a matsayin tarihi ko fiƙihu, har muka manta cewa a nan ne aka yi rubutun bijirewa mafi ƙarfi a ƙasar Hausa. Ki ɗauki Kitabul Farƙi na Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Da Larabci ya rubuta, amma da ya zo lissafa hanyoyin da masu mulki ke cin talaka sai ya kira su da sunayen da talakan ya san su da su: jangali, kuɗin gari, kuɗin salla, gaisuwa. Wannan dabara ce ta marubuci. Da ya tsaya a kan cewa zalunci haramun ne, kowane sarki zai gyaɗa kai ya ce haka ne. Da ya ambaci jangali da sunansa, makiyayin da aka ƙirga wa shanu ya san da shi ake, mai ƙirgar ma ya sani. A Bayanu Wujubil Hijira kuma aka sami maganar nan da har yau ake ɗauko ta a huɗuba da jarida, cewa mulki na iya ɗorewa da kafirci amma ba ya ɗorewa da zalunci. Ki kuma lura da matakin farko da jama'ar Shehu suka ɗauka da Yunfa, Sarkin Gobir, ya matsa musu: tashi suka yi daga Ɗagel zuwa Gudu a 1804. Hijira ita ce tsohuwar hanyar cewa a'a a ƙasar nan. Talakan da hakimi ya isa da haraji yakan kwashe iyalinsa da dare ya koma ƙasar wani, kuma sarki ya san garin da ya watse ba ya biyan haraji.

Amma abin da ya sa nake ganin wannan adabi ya kai a yi alfahari da shi a gaban kowa shi ne bai tsaya a ranar nasara ba. Tun ba a ci Alƙalawa, babban birnin Gobir, ba, Malam Abdullahi ƙanen Shehu, wanda ya jagoranci runduna a Tabkin Kwatto, ya dubi mutanensu ya ga abin da ya tayar masa da hankali. Ya bar rundunar ya nufi gabas da niyyar tafiya Makka, sai mutanen Kano suka tsayar da shi, a nan ya rubuta musu Liya'ul Hukkami kan yadda ake mulki da adalci. A cikin Tazyinul Waraƙati ya ajiye waƙar da ya yi a kan wannan hali. Ya koka cewa abokansa na gaskiya sun mutu, an bar shi cikin waɗanda burinsu mallakar garuruwa da neman matsayi, da tara ƙwaraƙwarai da tufafin ado, da dawakin da ke sukuwa a cikin gari ba a fagen fama ba, da cin ganima da rashawa. 'Yata, ki sake karanta wannan a hankali. Yaƙin bai ƙare ba, ƙurar ba ta lafa ba, amma ɗaya daga cikin jagororinsa ya riga ya rubuta cewa waɗanda suka kori azzalumai sun fara ɗinka rigar azzaluman. Duk lokacin da na karantar da wannan waƙa sai jikina ya yi sanyi, domin ban san wani zamani a tarihinmu da ba za a iya karanta ta a ce jiya aka yi ta ba.

Nana Asma'u, 'yar Shehu, ta ɗora a kai. Bayan rasuwar mahaifinta ta mayar da waƙarsa ta Fulatanci zuwa Hausa, wadda muka sani da amshinta, Tabbat Haƙiƙa. Waƙar tana jera masu cin amanar mulki, mai ƙwace, mai danne hakkin talaka, alƙalin da ke karkata hukunci, tana faɗa musu makomarsu gobe. A lokacin da ta yi wannan aiki babu sauran sarakunan Haɓe a kan gadon da ake magana. 'Yan'uwanta ne da almajiran gidansu ke mulki. Ta kuma sa ta a harshen da mata da bayi da manoma ke ji. Wanda ya ce wa'azi kishiyar bijirewa ne bai saurari wannan waƙa ba.

To, me ya sa ɗan ajinku ya ga kamar babu? Ina jin don daga ƙagaggun labarai ya fara, kuma a nan yana da 'yar hujja. Littattafanmu na farko na zube sun fito ne daga gasar da Rupert East ya shirya a 1933 a ƙarƙashin hukumar fassara ta gwamnatin mulkin mallaka. Mai bugawa gwamnati, mai saye makarantun gwamnati da na En'e, marubutan kuma malamai ne masu cin albashinta. Wa zai kai wa mai gari ƙarar mai gari? Duk da haka ki karanta Ganɗoki na Bello Kagara da idon basira. Tauraron ya yaƙi Nasara da gaske, da kirari da alfahari, amma da aka ci su sai labarin ya ɗauke shi ya kai shi duniyar aljanu, can ya ci gaba da cin nasarar da ta gagara a gida, sannan ya dawo ya tarar da sabon zamani ya zauna da shi. Ni a wurina wannan tsallaken zuwa ƙasar aljanu shi ne wurin da ya fi faɗar gaskiya a littafin: takobin da ba shi da sauran wurin sara a Kontagora sai a mafarki. A Magana Jari Ce kuwa wanda ya yi wa sarki makirci shi ne Waziri, kuma shi ne mugun labarin. Sai dai Abubakar Imam ya ba da aikin gyaran ɗan sarki ga aku, tsuntsun da ba shi da komai sai baki, kamar yadda Shaharzadu ta tsayar da takobin sarki da labari a Dare Dubu da Ɗaya. In kika ajiye Ganɗoki kusa da Things Fall Apart na Chinua Achebe, wanda ya fito a 1958, za ki sami babi guda mai daɗi. Okonkwo ya sare ɗan saƙon Bature, ya waiga ya ga mutanensa ba za su bi shi ba, ya je ya rataye kansa. Jarumai biyu, abokin gaba ɗaya, amma wanda ya biya kuɗin ɗab'i da shekarar da aka rubuta sun raba musu makoma.

Abin da zube ya kasa faɗa, waƙa ta faɗa. Sa'adu Zungur na Bauchi, wanda ya rasu a 1958, shi ne ƙofar wannan zamani. Mutane da yawa na ambaton waƙarsa Arewa Jumhuriya ko Mulukiya ba tare da sun karanta ta ba, suna zaton kira ne a rushe sarauta. Ba haka ta ce ba. Gargaɗi ce ga sarakuna cewa su gyara, su bar zalunci, su rungumi ilimi da shawara, in ba haka ba abin da ya sami sarakunan Indiya zai same su. Salon Malam Abdullahi ne a sabuwar riga. Mudi Sipikin ne ya mayar masa da amsa da Arewa Jumhuriya Kawai, ya ce gyaran ya wuce lokacinsa. Ki ga muhawara a cikin waƙa, baiti na amsa baiti, a kan ko mai iko na gyaruwa ko sai an kawar da shi. Da aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, waƙa ta zama jaridar wanda bai iya karatun boko ba. A garin nan namu na Jos, a taron Jam'iyyar Mutanen Arewa na ƙarshen wannan shekara, aka raba gari tsakanin masu ra'ayin sawaba da masu ra'ayin lallaɓa sarakuna. Mawaƙa irin su Gambo Hawaja suka riƙa tsara baitocin da ake haddacewa a rera a kasuwa da tasha, a lokacin da furta kalmar sawaba kan iya kai mutum gaban alƙali, a yi masa bulala ko a ɗaure shi. Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba.

Akwai darasi a nan game da harshe. Ngugi wa Thiong'o na Kenya ya yi shekaru yana sukar masu mulki da Turanci, suna ƙyale shi. Da ya haɗu da manoma da leburori a ƙauyen Kamirithu a 1977 suka yi wasa da harshen Kikuyu, kafin shekarar ta ƙare yana kurkuku ba tare da shari'a ba, inda ya rubuta labarinsa na gaba a kan takardar bayan gida. Mai iko bai cika damuwa da littafin da mutum ɗari za su karanta a jami'a ba. Abin da ke hana shi barci shi ne baitin da mai tura baro zai iya rerawa. Saboda haka in kina auna ƙarfin wani rubutu na bijirewa, ki tambayi wa ya ji shi, da wane harshe, kuma me ya sami mai shi.

Yanzu bari in dawo da ke gida. Ba sai kin je Sakkwato ko Kano ba, ga Ɗanmaraya Jos, wanda aka haifa a Bukur, ya rasu a 2015. Bai taɓa cewa a tashi a yi bore ba. Abin da ya yi shi ne ya ɗauki kuntiginsa, kayan kiɗan da bai kai tsawon hannu ba, ya juya wa fada baya ya fuskanci tasha. A al'adar da waƙa take ta sarki da attajiri, ya yi wa karen mota waƙa, ya yi Mai Akwai da Babu. Zaɓen wanda za a wasa shi kansa magana ce. In kin saurare shi da kunnen nazari za ki ji yana sake raba daraja a cikin al'umma, yana ɗaukar ta daga inda aka saba ajiye ta yana miƙa wa wanda ke kwana a ƙarƙashin mota.

Akwai kuma abin da ke ci mini rai, zan faɗa miki ko da ya ɗan fita daga tambayarki. Duk wanda ya bi hanyar Bukur ko Barikin Ladi ya ga kududdufan da haƙar kuza ta bari. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da Japan ta ƙwace Malaya a 1942, Ingila ta rasa inda take samun kuza, sai ta juyo kan tudun nan. Daga 1942 zuwa 1944 aka riƙa ɗibar dubun dubatar talakawa daga lardunan Arewa ana kawo su aikin tilas, abin da mutane suka kira ɗiban gwamna. Ta hannun hakimai da dagatai aka bi. Mutanen da suka saba da zafin Sakkwato da Katsina aka zube su cikin sanyin Filato ba bargo, ba isasshen abinci, da yawa ba su koma gida ba. Kakana na wajen uwa yana cikin waɗanda aka kawo, kuma shi ya sa aka haife ni a garin nan. Ya ba ni labarin yadda mutane ke sulalewa da dare su kama hanyar gida a ƙafa, sun san in an kama su dagacinsu ne zai fara hukunta su. Bai taɓa kiran wannan tawaye ba, cewa yake yi "mun ƙi". Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Sembene Usman na Senegal ya ɗauki yajin aikin ma'aikatan jirgin ƙasa na Dakar zuwa Neja, na 1947 zuwa 1948, ya gina labarin da duniya ke karantawa har yau, inda matan leburori suka taka daga Ciyes zuwa Dakar. Mu ma muna da namu a bakin ƙofa, waɗanda suka gani da idonsu sun kusa ƙarewa, 'ya'yansu ma sun tsufa. Ku da kuka iya alƙalami, wannan bashi ne a kanku.

Kada kuma ki ɗauka mai iko sai wanda ya naɗa rawani ko ya sa kaki. Littattafan da aka raina aka kira adabin kasuwar Kano sun kai wannan jigo cikin tsakar gida. A Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat Yakubu, an cire Abu daga makaranta an aurar da ita ga Sarkin Noma, dattijon da a shekaru ya isa ya yi jika da ita. Ta ƙi zama, ta gudu, ta koma karatu. Duwatsun nan uku duk suna nan: uba da miji masu iko, yarinyar da ta ce a'a, da hujjar da ta fi tasu, wato hakkin da addini ya ba ta na ilimi da na yarda kafin aure. Marubutan nan mata ba su ce a yi watsi da addini ko iyaye ba, cewa suka yi abin da ake yi da sunan addinin ba shi ba ne. Hanyar Nana Asma'u ce. Abubakar Adam Ibrahim, ɗan garin nan, ya bi wani reshe na wannan a labarinsa na Turanci da ya ci babbar kyautar adabi ta Nijeriya a 2016, inda Hajiya Binta, wadda rikicin Jos ya kora zuwa gefen Abuja, take kokawa da abin da jama'a suka yanke cewa ya dace da bazawara mai shekara 55.

Na ce miki Malam Abdullahi ya hango 'yan gwagwarmaya na rikiɗa. Zube ya zo ya same shi a nan daga baya. Bala Abdullahi Funtuwa ya mayar da labarin George Orwell na 1945 zuwa Gandun Dabbobi a 1975, kuma ya zauna a Hausa kamar a nan aka haife shi. Dabbobi sun kori Nomau mai gandun, amma ba a jima ba alade Maitumbi ya koma gidan Nomau ya hau gadonsa, doki Akawal kuwa da ya ba da ƙarfinsa duka aka sayar da shi da ya gaza. A 1982 Bature Gagare ya fito da Ƙarshen Alewa Ƙasa, inda Mailoma, wanda duniya ta cuta tun yana yaro kuma yaƙi ya koya masa kisa, ya zama abin tsoron da ya fi waɗanda suka cuce shi. Sulaiman Ibrahim Katsina kuma ya ɗauki karin maganar da ta fi kowace dacewa da wannan jigo ya sa wa littafinsa na siyasa, Tura Ta Kai Bango. Ni a ma'aunina, rubutun da ya nuna azzalumi baƙi ƙirin, mai bijirewa fari fat, aka yi karo aka ci nasara aka tashi, bai gama aikinsa ba. Wanda ya isa shi ne wanda ya bi mai bijirewar har washegari, ya ga abin da ya yi da makullin da ya ƙwato. Mu da muka zauna a Jos daga 2001 zuwa yau mun ga yadda kowane ɓangare ke da labarin zaluncin da aka yi masa, da yadda wannan labarin kan zama lasisin zaluntar wani da bai san hawa ba bai san sauka ba. Shi ya sa ba na iya karanta wannan jigo da sauƙin zuciya, kuma ba na so ki rubuta shi kamar waƙar zuga.

Game da kundin, kada ki ce za ki kwashe duka, ruwa zai sha kanki. Ki zaɓi rubutu biyu ko uku da za su yi magana da juna. Da ni ne, zan ɗauki waƙar Malam Abdullahi da ke cikin Tazyinul Waraƙati, da Arewa Jumhuriya ko Mulukiya, da Gandun Dabbobi, in bi zare ɗaya: me adabi ke cewa game da wanda ya karɓi mulki da sunan kawar da zalunci. In kuma zuciyarki ta fi karkata ga mata, ki haɗa Tabbat Haƙiƙa da littafin Balaraba. A kowanne ki tambayi abu huɗu: wane ne mai ikon kuma da me ya wuce iyaka, wace doka mai bijirewa ya jingina da ita, me abin ya ci masa, sannan wa ya buga rubutun ko ya rera shi kuma wa ya saurara. Ki kuma duba ko marubucin ya bar mai ikon ya faɗi tasa hujjar. Muhammadu Bello ɗan Shehu Usmanu ya sa wasiƙun Shehu Laminu na Barno a cikin Infaƙul Maisuri, waɗanda ke tuhumar hujjar jihadin kanta, sannan ya ba su amsa. Rubutun da ya yarda da gaskiyarsa ba ya tsoron a ji ta bakin abokin hamayya.

Waƙoƙin NEPU da yawa ba su shiga littafi ba, suna cikin kundayen jami'o'i da kawunan tsofaffi. In kin sami sarari ranar Juma'a bayan an sauko, ki sa wani yayanki ya raka ki wajen dattawan da ke zama a Dilimi da Unguwar Rogo, ki gaishe su da kyau, ki nemi izini kafin ki kunna na'urar ɗaukar magana. Kada ki ce musu kina binciken tawaye. Ki ce kina neman waƙoƙin zamanin sawaba, da labarin ɗiban gwamna. Abin da kika samo ki kawo mini mu zauna mu duba tare, kafin ki kai wa malamin da ke duba aikinki babi na farko.